Fatawa: Ɗana yana dakon aragi, ya ce shekarunsa sun kai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a Gadarif, ƙasar Sudan. Ɗana mai shekara 19 yana tuƙa raksha (babur mai ƙafa uku), kuma wani maƙwabcinmu da ba Musulmi ba yakan ba shi jarkoki ya kai masa wata unguwa. Warin da ya kama kujerar baya ne ya nuna mini cewa aragi ne, wato giyar dabino. Da na yi masa faɗa sai ya ce gwamnati ta sassauta doka, ƙasashen waje ma shekaru kawai suke ƙayyadewa, shi kuwa ba yaro ba ne, kuma ba sha yake yi ba. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ba ka kawar da kai ba.

Gaskiya ne cewa a watan Yuli na 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba haramcin giya da aka kafa tun 1983 a zamanin shugaba Numairi, amma sassaucin bai shafi Musulmi ba, kuma ko da ya shafe su, hukuma ba ta da ikon halatta abin da Allah ya kira ƙazanta daga aikin Shaiɗan, ya ce a nisance shi, a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. Ka lura cewa umarnin nisanta ne aka yi, wanda ya fi hana sha faɗi.

Batun shekaru kuwa, nan ne yaron ya fahimci al'amari a juye, kuma ina jin irin wannan magana a bakin samari da yawa, abin yana damuna. A Amurka, inda aka tsayar da shekara 21, giya halal ce a dokarsu, shekarun kuma ƙofa ce da ake buɗe wa wanda ya girma. A shari'armu babu wannan ƙofa tun asali, domin Manzon Allah (SAW) ya ce duk abin da ke sa maye giya ne, kuma duk giya haramun ce, na dabino ne ko na dawa, mai yawa ko ɗan kaɗan. Abin da shekaru ke canzawa a wurinmu shi ne hisabi: an ɗauke alƙalami daga kan yaro har ya balaga, idan alamomin balaga suka bayyana, ko ya cika shekara 18 a mashahurin zancen Malikiyya, sai a fara rubuta masa. Saboda haka cewarsa shi ba yaro ba ne hujja ce a kansa.

Cewa ba ya sha ma ba ta kuɓutar da shi, don hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Anas ya ambaci mutum goma da aka la'anta game da giya, cikinsu har da mai ɗaukar ta da mai cin kuɗinta. Jarkar da ke bayan raksharsa ita ce wannan ɗaukar.

Shi maƙwabcin naku, malaman fiƙihu sun bar wanda ba Musulmi ba da abin shansa muddin bai bayyana shi a tsakanin Musulmi ba, don haka kada ka tara masa jama'a, kada ka fasa masa kaya, haƙƙin maƙwabtaka yana nan. Je ka same shi cikin mutunci ka ce ɗanka ya daina wannan dako. Haka kuma ba naka ba ne ka yanke wa yaron haddi, wannan aikin alƙali ne. Zaunar da shi za ka yi bayan sallar isha'i, ku biyu, ka karanta masa hadisin.

Tafiyar da ya yi bai san abin da ke cikin jarkar ba, babu laifi a kansa. Kuɗin da ya karɓa yana sane kuwa, ya tuba, ya ƙiyasta adadinsu ya bai wa mabukata, ba da niyyar neman ladan sadaka ba. Allah ne mafi sani.