Yadda ake gano dalma da zaiba a maganin gargajiyar Sin

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai yadda za ka gane maganin Sin da ake ba mahaifiyarka yana ɗauke da ƙarfe mai guba. Ido da harshe ba sa gano dalma, zaiba, arsenik ko kadmiyam, sai ɗakin gwaji. A can ake narkar da ɗan samfurin cikin ruwan asid, a saka shi a na'urar ICP-MS, ta faɗi adadin kowane ƙarfe a kilo ɗaya.

Wani lokaci tsiron ne ke zuƙo gubar daga gurɓatacciyar ƙasa. Amma abin da ya fi damuna shi ne wanda ake zubawa da gangan: jan dutsen zhusha mai zaiba, da dutsen xionghuang mai arsenik. Ƙwayar Angong Niuhuang, wadda ta shahara sosai a Sin, duka biyun suna cikinta. Kundin magungunan ƙasar ya ƙayyade wa ganyayyaki da saiwoyi da dama cewa kada dalma ta wuce miligiram 5 a kilo, arsenik 2, zaiba 0.2. A 1998 hukumar lafiya ta Kalifoniya ta gwada irin waɗannan magunguna 260, kusan kashi ɗaya cikin uku suna da ƙarfe mai guba ko maganin asibiti da ba a rubuta a jikinsu ba.

Duba lambar NAFDAC, ka nemi takardar gwajin rukunin da lambarsa ke jikin kwalbar. Idan Mama ta daɗe tana sha, a kai ta asibiti a auna jini da fitsari, ku tafi da kwalbar.