Mota Ta Ƙi Tashi, Fitilar Makulli Sai Ƙyaftawa Take

Tambaya: Malam, makullin motata ya karye, na sa aka yanko mini sabo. Yana murɗawa lafiya lau, kik na yi, amma inji ya ƙi kamawa, ga wata 'yar fitila mai hoton makulli tana ta ƙyaftawa. Mene ne abin yi?

Amsa: Hajiya, motarki ɓarawo ta ɗauke ki! A cikin baƙar robar kan makullin asali akwai wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa. Zoben da ke kewaye da bakin makulli shi ke karanta lambarta, ya miƙa wa kwamfutar mota. In lambar ba ta zo ba, kwamfutar sai ta hana mai ko wuta isa inji. Wanda aka yanko miki ƙarfe ne zalla.

In tsohon kan yana nan, manna shi jikin zoben ki murɗa sabon, sau da yawa takan tashi. In ta ƙi, a auna batir, cikakke kan nuna ƙarfin wuta volt 12.6. Sannan mai wayarin ya jona na'urar OBD, mai magana da kwamfutar mota, a ƙarƙashin sitiyari, ya haɗa wani sabon makulli mai wannan 'yar na'urar da kwamfutar. Wanda ya ce zai yanke wayoyi kuwa, karɓe makullinki.