Amsa: sanarwar gyaran bindigogin sojan Amurka, kiran kwangila ce?

Malam, ka tambaya ko sanarwar da ka gani a shafin SAM.gov, inda gwamnatin Amurka ke wallafa kwangilolinta, kan gyaran ƙananan makaman soja kiran kwangila ce. Ba a kai nan ba tukuna. Binciken kasuwa ne, wanda sashe na 10 na dokar FAR, wato dokar sayayyar gwamnatin tarayyar Amurka, ya tanada kafin a fitar da kwangila. Ba a biyan kowa kuɗin amsa, ba a kuma zaɓen kowa.

Jami'an rundunar soja so suke su san wa zai iya aikin. In ƙananan kamfanoni aƙalla biyu suka nuna ƙwarewa, ana iya ware musu aikin su kaɗai, don haka shiru asara ce.

Inda ake tafka kuskure shi ne tura takardar talla a matsayin amsa. Maimakon haka, ka faɗi bindiga nawa za ka gyara a wata, irin su M4, M249 da M240, da na'urorin auna zaizayewar bututun bindiga da tazarar wurin da harsashi ke zama a cikinta, da filin gwajin harbi. Tazarar nan in ta wuce ƙa'ida, kwanson harsashi na iya fashewa a hannun soja. Ka nuna lasisin hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi a Amurka, ɗakin ajiya mai tsaro, da yadda kake bin lambar kowace bindiga.

Ka kuma tambaye su wa zai kawo kayan gyara, gwamnati ko kai, domin jiran bututu shi ke kashe wa'adi. Kada ka sa ran aikin duka: doka ta hana ba 'yan kwangila fiye da kashi 50 na kuɗin babban gyara, kuma ma'aikatar Anniston ta rundunar soja da ke jihar Alabama tana nan tana yi.