Hayar jirgin ruwa don yawon tsibiran Girka

Ɗan'uwa daga Nima, ka ce kai da abokanka huɗu kuna son hayar jirgin ruwa mai tafiya da iska ku zaga tsibiran Girka, kai ne matuƙi, amma ƙwarewarka ta tsaya ga kwalekwale mai inji a Ada, bakin kogin Volta a Ghana.

Kamfanin haya zai nemi takardar tuƙi, kamar ICC (takardar ƙwarewa ta ƙasa da ƙasa) ko RYA Day Skipper (ta ƙungiyar tuƙin jiragen ruwa ta Birtaniya), da mutum na biyu da ya san teku. Ku fara neman bizar Shengen, wadda ake shiga Girka da ita, tun daga Accra.

Ku nufi tsibiran yamma, wajen Lefkada. A Yuli da Agusta iskar arewa da ake kira meltemi tana kaɗawa da ƙarfi a tekun Ejiyan da ke gabas, sabon hannu ba ya iya mata.

Wahalar tana wajen tsayawa: ana shiga tasha da baya bayan an saki anka, ƙarfen da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa. Sarƙa ta kai ninki huɗu na zurfin ruwan, in ba haka ba ankar ta zame cikin dare. Ranar karɓar jirgin, yawanci Asabar, ɗauki hoton kowane ƙwarzane, don daga kuɗin ajiyar da kuka bar wa kamfanin za a cire kuɗin gyara.

Idan takardar ba ta samu ba, ɗauki ƙwararren matuƙi na mako guda, ka koya a hannunsa.