Shin Yaƙin Salibiyya Gaba Ce Tsakanin Duk Kirista Da Duk Musulmi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Zariya. Ɗalibaina sun zo mini da wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, inda mai magana yake cewa a zamanin Yaƙin Salibiyya Kiristocin duniya kaf, har da mazauna Sham, sun haɗa kai da Faranjawa, wato mayaƙan Kirista da suka zo daga Yammacin Turai, ba sulhu ba ciniki, don haka duk Kiristan yau magajinsu ne. Ajina gauraye yake, kuma tun ranar wasu yara suka daina zama benci ɗaya. Me zan faɗa musu wanda ba ƙarya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Tunda tarihi kake koyarwa, ba zan tsaya kan kiran da Fafaroma Urban na Biyu ya yi a 1095 ba, ko kisan gillar da Faranjawa suka yi a Ƙudus a 1099, wanda ya auku kuma babu mai hankalin da zai yi masa kwaskwarima. Abin da ke ba ni takaici shi ne irin wannan saƙo, domin kusan kullum sai an kawo mini makamancinsa, kuma masu yin sa ba su taɓa buɗe abin da malaman Musulmi na wancan zamani suka rubuta ba.

Faranjawa sun kafa dauloli huɗu, wato Ruha da Antakiya da Ƙudus da Tarabulus, kuma daga cikin waɗanda suka fara shan wuyarsu akwai Kiristocin Gabas. A 1100 suka kawar da babban limamin cocin Rumawa na Antakiya suka naɗa nasu mai bin Fafaroma, haka kuma manyan kujerun coci a Ƙudus suka koma hannunsu. Rumawa kuwa, wato Girkawa Kiristoci na daular Kustantiniya, kallon baƙi marasa tarbiyya suke yi musu, su kuma Faranjawa suna zargin Rumawa da ha'inci. Wannan ƙiyayya ce ta kai ga abin da ya faru a watan Afrilu na 1204, lokacin da rundunar da ta fito da niyyar yaƙar Masar ta afka wa Kustantiniya, birnin Kirista mafi girma a lokacin, ta yi kwana uku tana wawashe shi, har cocin Aya Sofiya bai tsira ba. Dawakin tagulla da aka kwaso daga can suna Benis har gobe. Kafin nan, a 1203, da wasu Faranjawa suka kai hari kan masallacin 'yan kasuwar Musulmi da ke birnin, Girkawa maƙwabta ne suka fito suka taya Musulmi kare shi. Sai a 1261 Rumawa suka ƙwato birninsu. To, ina haɗin kan da ake faɗa?

Ɓangaren Musulmi ma ba tsintsiya madaurinki ɗaya ba ne. A 1108 sarkin Halab, Ridwan, ya haɗa kai da Tankared, Bafaranjen da ke mulkin Antakiya, suka gwabza da wata runduna da ita ma gamin Faranjawa ce da Musulmi. A 1140 Dimashƙa ta ƙulla yarjejeniya da masarautar Faranjawa ta Ƙudus don tsoron Zangi, sarkin Musulmi na Mausil da Halab. Shi kansa Salahuddin al-Ayyubi, wanda ya karya Faranjawa a Hiɗɗin a 1187 ya karɓe Ƙudus, yana da kyakkyawar hulɗa da sarkin Rum na lokacinsa. Mai saƙon murya ba zai faɗi wannan ba, wataƙila don zai ɓata masa wa'azi, wataƙila kuma don bai sani ba, kuma na fi zaton na biyun.

Batun ba ciniki kuwa, Ibn Jubair ɗan Andalus ya isa shaida. A 1184, ana tsakiyar yaƙi, ya bi ayari daga Dimashƙa zuwa Akka, ya tarar da fatake suna kai da kawo, ma'aikatan kwastan Kiristoci suna rubuta lissafi da Larabci. Ya ga manoma Musulmi a yankin Tibnin suna ba Faranjawa rabin amfanin gona da harajin kai na dinari ɗaya da ƙiraɗi biyar, gidajensu da dukiyarsu na hannunsu, abin ya dame shi ƙwarai ganin suna yabon adalcin baƙo fiye da na ɗan'uwansu. Usama bin Munƙiz, basaraken Shaizar, ya ba da labarin yadda mayaƙan Haikali, wata ƙungiyar sojan Faranjawa, suke ware masa wuri kusa da Masallacin Aƙsa ya yi salla. Wata rana wani Bafaranje ya cafke shi ya kawar da fuskarsa daga alƙibla, wadda a Ƙudus take kudu, ya juya ta gabas da ƙarfin tsiya, sai suka janye mutumin suka ba Usama haƙuri, suka ce sabon zuwa ne.

Kada kuma ka faɗa wa yaran cewa zaman lafiya da ƙauna aka yi, domin wannan ma wata ƙaryar ce da wasu ke sayarwa. Mulkin mamaya ne. Taron da shugabannin Faranjawa suka yi a Nabulus a 1120 ya haramta wa Musulmi sa tufafin Faranjawa, ya kuma tanadi hukunci mai tsanani kan cuɗanyar maza da mata tsakanin ɓangarorin biyu. Zaluncin wani basaraken Faranja ne ya sa iyalan Ibn Ƙudama, mai littafin Mugni da malamanmu ke karantawa, suka yi hijira daga ƙauyen Jamma'il zuwa Dimashƙa tun daga 1156, yana yaro.

A aji, ka rataya taswira, ka nuna musu Akka, inda mulkin Faranjawa a gaɓar Sham ya ƙare a 1291 a hannun Mamalik na Masar. Sannan ka raba su gida uku, Faranjawa da Rumawa da Musulmi, ka ba kowane gida shekarun nan, 1108 da 1140 da 1204, su gano da kansu wa ya yaƙi wa, kuma ka tabbata kowane gida ya haɗa yara daga addinan biyu.