Amsa: Ta ina 'yan Lakota suka riƙe labarin yaƙinsu da sojan Amurka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za a yarda da abin da 'yan Lakota, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, ke faɗa kan shugabanninsu, tunda ba su da rubutu a lokacin. Ni dai na yarda da shi, don ba da ka kawai suka riƙe shi ba. Suna da mai adana tarihi wanda kowace shekara yake zana hoto ɗaya a fatar ɓauna, alamar babban abin da ya faru, shekarar kuma ta ɗauki sunansa. Ruwan taurarin da aka yi a 1833 ya fito a fatu da dama, da shi masana suka daidaita lissafin da kalandar Turawa.

Ɗauki yaƙin Little Bighorn na Yunin 1876. Kafin a gwabza, Sitting Bull, wani shugaban Lakota, ya ce an nuna masa sojoji suna faɗowa sansaninsu kai a ƙasa, kamar fara. Custer, kwamandan sojan Amurka, da duk waɗanda ke tare da shi a wurin sun mutu, ba wanda ya tsira ya ba da labari. To wa ya rage ya faɗi yadda aka yi, in ba Lakota da ƙabilar Cheyenne da suka yi yaƙin tare ba? Red Horse, ɗan Lakota da ya fafata a yaƙin, ya zana shi dalla-dalla a 1881.