Me ya sa facin bango yake fitowa fili bayan an shafa fenti?

Tambaya: Na cike wani rami a bangon ɗakina na allon jifsam, na goge shi ya yi sumul, na shafa ragowar fentin da aka yi wa ɗakin shekara 3 da suka wuce. Da rana lafiya lau, amma da zarar an kunna fitila sai wurin ya fito kamar tabo. Ina na yi kuskure?

Amsa: Malam, da wuya laifin na launi ne. Kwaɓin da ka cike ramin da shi yana shan ruwa kamar soso, tsohon fentin da ke kewaye kuwa ya riga ya toshe bangon. Sai facin ya zuƙe fentin, shi ya dushe, gefensa na sheƙi. Maganin wannan firaima ce, wato shafin farko da ke toshe wurin don kada ya zuƙe fenti, a shafa ta a kan facin ta bushe kafin fenti. Wurin da mutane suka fi tsallakewa ke nan, wai don facin ƙarami ne.

Sumul ɗin da ka yi ma ya taimaka wajen tona asirin. Bangon da aka yi wa fenti da rola yana da 'yan ƙananan gurza-gurza irin na ɓawon lemo, facinka kuwa santsi ne, haske ba ya sauka a kansu iri ɗaya. Don haka firaimar da fentin duk ka shafa su da rola, kada ka ɗauki burushi. Idan rolar ta fara bushewa, ka ja ta waje da facin a hankali domin bakin fentin ya ɓace.

Kafin nan ka haska tocila daga gefe, a jikin bangon. In ka ga tudu ko baki, sake shafa kwaɓin siriri-siriri sau 2 ko 3, kowane shafi ya fi na baya faɗi, har ya wuce ramin da kamar santimita 20. Ka bar kowanne ya bushe sarai, ka goge da samfefa mai lamba 150, ka ƙarasa da mai lamba 220 da ta fi laushi, sannan ka share ƙurar.

Shekara 3 kuma ta isa fentin bango ya ɗan koɗe, na gwangwani yana nan yadda yake. In fentin mai sheƙi ne, ni ba na wahalar da kaina: nakan shafe bangon nan guda daga kusurwa zuwa kusurwa, tunda a kusurwa ido ba ya kama ɗan bambancin.